Me ya sa tsoro ke kama mutum bayan ya faɗi da keke, kuma yaya ake komawa kan sirdi?

Bara da damina na sha ƙasa da kekena a hanyar zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Wata akuya ce ta tsallako titi, na damƙe birkin gaba da ƙarfi, sai ga ni kwance a kwalta. Gwiwata ta warke cikin mako biyu, amma keken ya yi wata huɗu a jingine a zaure. Kullum ina da dalili: yau rana ta yi zafi, gobe taya ba iska. Kuɗin adaidaita sahu kuwa sai cinye ɗan abin da nake samu yake yi. Ni da nake hawan keke tun ina firamare, da na ɗora ƙafa kan feda sai gabana ya faɗi.

To, me ya faru? Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, iyawar ba ta ɓace ba. Ƙwaƙwalwa ba wuri ɗaya take ajiye komai ba. Tuna abubuwan da suka faru ya dogara sosai da wani sashe mai suna hifokamfus, amma ƙwarewar jiki, kamar hawan keke ko ɗinki, ta fi dogara da wasu sassan daban, ciki har da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Akwai wani Ba'amurke, Henry Molaison, da aka cire wa yawancin hifokamfus ɗinsa a 1953 don magance farfaɗiya. Daga nan bai ƙara iya riƙe sabon abin da ya faru ba. Masaniya Brenda Milner ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Cikin kwana uku hannun ya gware, alhali shi bai tuna ya taɓa yin aikin ba. Wannan irin ajiyar tana da wuyar gogewa.

Abin da ya ƙaru bayan faɗuwa shi ne sabon darasi. Wani ɗan sashe mai suna amigdala yana saurin haɗa ciwo da duk abin da ke wurin lokacin da aka ji shi: sirdin, titin, ƙarar birkin. Da ka sake kusantar su sai zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya yi gumi, tun kafin ka yi wani tunani. Dama Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gudun ne kuma ke raya tsoron. Masanin halayyar ɗan'adam Hobart Mowrer ya yi bayanin haka tun wajen 1947: duk ranar da na ajiye keken na tari adaidaita, sai in ji sanyi a raina, wannan sanyin kuma lada ne da ke ƙarfafa gujewar. Ƙwaƙwalwa ba ta taɓa samun damar ganin cewa da na hau, da lafiya zan sauka ba.

Akwai kuma ɓangaren fiziks. Keke mai tafiya ba ya tsayuwa cak, kullum yana ɗan karkata. In ya karkata hagu, tayar gaba takan juya hagu kaɗan, ta dawo da tayoyin ƙarƙashin nauyin mahayi. Mai jin tsoro yakan sandare hannuwa, ya rage gudu sosai, ya kafe ido kan ramin da yake gudu. Sandararren hannu yana hana wannan ƙaramin gyaran, tafiyar hawainiya tana ƙara tangaɗi, keke kuma yakan bi inda ido ke kallo. Sai mutum ya ce, "Ka gani ko, na manta." Bai manta ba, tsoron ne ke tuƙin.

Maganin da bincike ya fi goyon baya shi ne tunkarar abin tsoron mataki-mataki. Ga yadda na yi:

Na kai keken wajen mai gyara ya duba birki da taya, ya sauke sirdi yadda ƙafafuna biyu za su taɓa ƙasa.

Na fara a filin makaranta da sassafe, minti goma kacal, ina turawa da ƙafa ba tare da taka feda ba.

Na maimaita abin da ya kayar da ni: matse birki biyu a hankali, ina tura jikina baya, har hannuna ya daina fizga.

Sai layin unguwa, sai titi da safiyar Lahadi, daga ƙarshe hanyar da na faɗi. Ban tsallaka mataki ba sai wanda nake kai ya fara gundurata.

Kar ku yi mamaki in tsoron ya dawo wata rana. Sabon darasin "ba komai" ba ya goge tsohon, danne shi yake yi, shi ya sa gajiya, dogon hutu ko sabon wuri kan iya tayar da shi. Hakan ba komawa baya ba ne. A riƙa hawa a kai a kai, a wurare daban-daban.

Gargaɗi biyu. Wanda ya bugu a kai, yana jin jiri, amai ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti zai nufa, ba filin gwaji ba. Wanda kuma ya wuce wata guda yana mafarkin hatsarin ko yana firgita da ƙarar mota, ya ga likita, domin ana magance wannan. Wani tsoron ma gaskiya yake faɗa: titi mai tirela da dare ba wurin gwada jarumta ba ne. A sa hular kwano, a sa fitila.

Ni dai na ɗauki mako uku kafin na sake bin hanyar nan. Har yau in na hango akuya a bakin titi, yatsuna kan kai kan birki da kansu, sai dai yanzu a hankali suke matsawa.