Idan An Tura Ki Zaman Shawara: Abin Da Za Ki Tarar

A cibiyoyin kula da tamowa, wani lokaci yaro na samun abincin magani a kan kari, amma uwar da ke ba shi ta yi sanyi: ba ta barci, abinci ya fita ranta, ko wasa ba ta iya yi wa ɗanta. Irin wannan uwa ce ma'aikatan lafiya ke turawa wurin mai ba da shawara. Mata da yawa kan tsorata, suna zaton an ɗauke su masu taɓin hankali. Ba haka abin yake ba. Damuwa mai tsanani ciwo ce kamar sauran cututtuka, kuma tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan matsala bayan haihuwa.

Me ya haɗa wannan da tamowa?

Jinyar yaro mai tamowa aiki ne na haƙuri: shayarwa dare da rana, ba da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, wanke hannu, da komawa awo kowane mako. Uwar da zuciyarta ta yi nauyi, duk waɗannan kan gagare ta, ko da tana son ɗanta kamar ranta. Shi ma yaro yana buƙatar a dube shi, a yi masa magana da wasa, domin ya ci da kyau, ƙwaƙwalwarsa ta bunƙasa. Saboda haka kula da ke wani ɓangare ne na jinyarsa.

Zaman farko

Zaman farko hira ce. Ba allura, ba ɗaukar jini. Za a zaunar da ke a wurin da ba mai jin maganarku, kuma kina iya shiga da goyonki. Mai shawara zai gabatar da kansa, sannan ya tambaye ki yadda kike barci, yadda kike cin abinci, ko kina yawan kuka ko faɗuwar gaba, tun yaushe abin ya fara, da wanda ke taimaka miki a gida. Zai kuma tambaya ko tunanin mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zo miki. Kowa ake yi wa wannan tambaya, don haka kada ta firgita ki. Idan kin fi son mace ta saurare ki, ki faɗa. Tambayar da ba ki shirya amsawa ba, kina da damar cewa a bar ta sai wani jiƙo.

An yi mana tarbiyya da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma faɗa wa mai magani inda ke ciwo ba tonon asiri ba ne. Abin da kika faɗa ba za a kai wa maigidanki, ko uwar mijinki, ko abokiyar zamanki ba. Sharaɗi ɗaya ne: idan ranki ko ran yaro na cikin haɗari, dole a nemi ƙarin taimako, kuma za a sanar da ke.

Zaman da ke biyo baya

Yawanci ana haɗuwa sau ɗaya a mako, ke kaɗai ko tare da wasu mata. Wani tsari da OMS ta fitar a 2016 ya tanadi zama 5, kowanne kimanin sa'a ɗaya da rabi. Wasu tsare-tsaren sun fi haka tsawo. Mai shawara ba zai yanke miki hukunci kan aurenki ko gidanki ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abubuwan da za ku yi tare sun haɗa da:

Numfashi a hankali: ki ja iska har cikin ciki kina ƙirga 3, ki sake ta kina ƙirga 3, na ƴan mintoci. Yana kwantar da bugun zuciya.

Rarrabe matsaloli: tsadar hatsi a tsakar damina ba a hannunki take ba, amma wanda zai tsare miki sauran yara ranar awo, wannan ana iya nemo shi. Da irinsa ake farawa.

Komawa ga ayyukan da kika bari, ɗaya bayan ɗaya: wanka da kitso, gaida maƙwabta, zuwa suna, wasa da yaro.

Neman mai dafa miki: ƴar'uwa, aminiya, ko matan adashinku, musamman idan maigida ya tafi ci rani.

Sauƙi ba ya zuwa rana ɗaya. Wata kan yi kuka a zaman farko, ta koma gida da nauyin jiki saboda ta taɓo abin da ta daɗe tana dannewa. Wannan ba alamar lalacewa ba ce. Yawanci bayan ƴan makonni ake fara ganin canji. Zaman shawara ba ya hana salla da addu'a. Haka kuma ba wurin rabon abinci ko kuɗi ba ne, kuma zuwanki ko rashin zuwanki ba ya taɓa rabon yaronki.

Batun ƙwayoyi

Ba kowa ake rubuta wa magani ba. Idan likita ya rubuta miki, ki sanar da shi in kina da ciki ko kina shayarwa. Kada ki yaye yaro sai da shawararsa. Irin wannan magani kan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, kuma ba a daina shi farat ɗaya. Ki guji tramol da ƙwayoyin barci na masu talla.

Alamun da ba sa jira

A kai mace gidan likita nan take, da ɗan rakiya, idan tana maganar kashe kanta ko cutar da jaririnta, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta rikice bayan haihuwa ta yi kwanaki ba barci. Kada a ɗaure ta, kada a bar ta ita kaɗai.

Gare ku wakilan lafiya na ƙauyuka da unguwanni

Yawan kuka a kwanakin farko na jego kan wuce da kansa. Idan baƙin ciki da rashin kuzari suka kai mako 2, ku sanar da majo na CSI. Ku keɓe da uwar kafin ku yi mata maganar, ba a bakin rijiya ko layin awo ba. Kada ku ce mata “ki yi haƙuri” kawai ku wuce, ku saurara. Da yardarta, ku bayyana wa maigida dalilin zuwan domin ya ba da izini da goyon baya. Idan ta tsallake zama, ku ziyarce ta ba tare da faɗa ba, ku ji abin da ya hana ta: nisa, aikin gona, ko tsoron bakin mutane. In zai yiwu, a haɗa mata ranar shawara da ranar awon yaro, ta yi tafiya ɗaya.