Daga Filinge zuwa Yamai: Abin da baƙo zai gani a gidan tarihi na Bubu Hama

Kimanin kilomita 180 ne tsakanin Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jihar Tillaberi, da birnin Yamai, inda gidan adana kayan tarihi na ƙasar Nijar yake. An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin samun 'yancin kai, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubuci kuma tsohon shugaban majalisar dokoki.

Mai ziyara zai tarar da tufafin gargajiya, kayan kiɗa, da samfurin gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Abzinawa. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace, waɗanda aka tono a jihar Agadas, da kututturen itacen Tenere da wata mota ta kaɗe a 1973. Akwai kuma namun daji, da rumfunan maƙera da dukawa masu aiki a gaban jama'a.

Sai dai tafiyar ta yi wa mutanen Kurfai nauyi. Tun 2017 ake sanya dokar ta-ɓaci a sassan Tillaberi saboda hare-haren 'yan bindiga, kuma ba kowane uba ne zai saki ɗansa ya kama hanya don kallo ba.

Yaron da bai je ba, sai dai ya ji labarin kayan kakanninsa a bakin tsofaffi, kuma tsofaffin suna ƙarewa.