Ruwa Biyu da Alamar Daidai: Yadda Mai Python Ya Ajiye Mulki

Ranar Alhamis, 12 ga Yulin 2018, Guido van Rossum ya rubuta wa abokan aikinsa gajeriyar wasiƙa ya ce ya sauka daga shugabancin Python. Ba tsige shi aka yi ba, ba kuma zaɓe ya faɗi ba. Hasali ma a kwanakin ne ya yi galaba a wata gardama da aka shafe watanni ana tafkawa. Abin da aka yi gardamar a kansa kuwa ɗan mitsitsi ne a fuskar kwamfuta: ruwa biyu, sai alamar daidai a biye, wato :=

Mutumin ƙasar Holan ne. A hutun ƙarshen shekarar 1989, yana aiki a wata cibiyar bincike ta lissafi da kwamfuta a Amsterdam, ya fara ƙirƙiro wani yaren rubuta manhaja, ya sa masa suna Python, ya sake shi ga jama'a a 1991. Yaren ya karɓu saboda sauƙin karantawa, har ya zama da shi ake fara koya wa ɗalibai a jami'o'i da yawa. Kyauta ne, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke gina shi. Duk mai son a sauya wani abu sai ya rubuta takardar shawara da ake kira PEP, a ba ta lamba, a baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa. A wancan lokacin, in an gama, Guido ne ke yanke hukunci. Shi ya sa suka laƙaba masa kirarin mai mulkin kama-karya mai tausayi na har abada. Da wasa aka fara kirarin, amma ikon na gaske ne.

A ƙarshen Fabrairun 2018 wani mai rubuta manhaja, Chris Angelico, ya gabatar da takarda mai lamba 572. Ga matsalar da yake son warwarewa. A Python, alamar daidai guda ɗaya ita ce ta raɗa wa abu suna, kamar ka auna hatsi ka ce wannan shi ne "awo". Alamar daidai guda biyu a jere kuma tambaya ce: wannan da wancan ɗaya ne? Tun farko Guido ya hana a raɗa suna a tsakiyar tambaya, domin a wani yaren manhaja mai suna C an sha ganin mutum ya rubuta alama ɗaya inda yake nufin biyu, manhaja ta yi ta aikin kuskure ba wanda ya lura. Sai dai hanin yana da tasa wahalar. A lokacin, in kana karanta babban fayil guntu-guntu, dole ka ɗebo a layi ɗaya, ka duba ko an samu wani abu a layi na gaba, sannan ka rubuta umarnin tsayawa. Sabuwar alamar za ta ba ka damar ɗebowa da raɗa suna da dubawa duk a numfashi ɗaya.

Iyakar abin ke nan. Amma sai ka ce an taɓa gidan rina.

Masu adawa ba shirme suke faɗa ba, kuma bai kamata a ba da labarin kamar su 'yan hana ruwa gudu ne kawai ba. Wasunsu malamai ne da suka san yadda ɗalibi ke rikicewa tsakanin alama ɗaya da biyu, ga shi za a ƙaro masa ta uku. Wasu suka ce abin da ya ɗaukaka Python shi ne kowane aiki yana da hanya ɗaya bayyananniya, yanzu kuwa raɗin suna zai zama hanya biyu. Wasu suka ji tsoron masu son burgewa za su riƙa cusa aiki uku a layi ɗaya, wanda ya gaji manhajar ya rasa gane kanta. An kawo wasu hanyoyin rubuta abin, an yi watsi da su, an sake kwaskware takardar sau da yawa. Har a taron masu Python na birnin Cleveland a watan Mayu sai da maganar ta taso.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Guido ya bi lamarin. Bai tsaya kan cewa shi ne mai gida ba. Lokacin yana aiki a kamfanin Dropbox, sai ya shiga cikin tarin manhajar kamfanin yana duba yadda mutane ke rubutu in ba a kallon su. Ya tarar da wuraren da mai rubutu ya gwammace ya sa kwamfuta ta maimaita aiki iri ɗaya sau biyu, manhajar ta yi nauyi, don kawai kada ya ƙara layi guda. Tim Peters, tsohon hannu wanda ya rubuta ƙa'idojin Python da masu adawa ke kafa hujja da su, irin ta hanya ɗaya bayyananniya, shi ma ya bi nasa rubutun yana gwadawa. Ya faɗi gaskiya cewa akwai inda alamar ke ɓata rubutu, akwai kuma inda take fayyace shi sosai. Su biyun suka sa sunayensu a takardar tare da Angelico.

A Yuli Guido ya amince da ita. Hayaniyar ba ta kwanta ba, ta ma fita daga zauren masana ta shiga Twitter, inda maganar ta bar alama ta koma kan mutum. A wasiƙarsa ya nuna ba ya son ya sake shan irin wannan gwagwarmaya a kan wata takarda, sannan ya ga mutane da yawa suna raina hukuncinsa. Ya ce ya tafi hutu na dindindin daga kujerar. Shekararsa 62, ya kuma ambaci girma da rashin lafiya. Bai naɗa magaji ba. Tambaya ya bar musu, ko dimokuraɗiyya za su kafa, ko wani mai kama-karyar, ko tarayya, ko su zauna kara zube.

A ganina, alamar ba ita ta kore shi ba. Ya sha gardamar da ta fi wannan girma, musamman ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3 wadda ta ci fiye da shekara goma. Mutum ne da ya yi kusan shekara talatin yana ɗauke da hukuncin ƙarshe shi kaɗai, kowane fushi a ƙofarsa yake sauka, kuma jama'ar da suka taru a bayansa sun yi yawan da kai ɗaya ba zai ɗauka ba. Ina jin zafin yadda aka yi masa, ko da yake na fahimci masu adawar.

Watanni suka shuɗe yaren ba shi da shugaba. Manyan masu gina shi suka rubuta tsare-tsaren mulki iri-iri, suka kaɗa ƙuri'a a Disambar 2018, tsarin majalisar mutum biyar ya yi nasara. A farkon 2019 aka zaɓi Barry Warsaw, Brett Cannon, Carol Willing, Nick Coghlan, da Guido kansa, wanda ya yi zango ɗaya ya janye. Alamar kuwa ta fito a Python 3.8 ranar 14 ga Oktoban 2019, da laƙabin walrus, wata dabbar teku ta yankin ƙanƙara mai dogayen haure biyu. In ka karkata kai ka dube ta, ruwa biyun idanu ne, alamar daidai kuma hauren.

A 2020 Guido da wasu abokan aiki suka kawo wata shawarar sauya nahawun yaren, wadda ta fi ta 2018 girma nesa ba kusa ba, kan yadda manhaja za ta gane fasalin bayanai ta ware su. Ita ma ta sha suka, aka sake rubuta ta, aka raba ta takardu uku. Wannan karon Guido miƙa takarda ya yi ya jira kamar kowa. A Fabrairun 2021 majalisar ta amince, sauyin ya fito a Python 3.10 a watan Oktoba na shekarar.