Tazarar Takarda Ɗaya: Daidaita Faranti da Nozul a Firinta 3D

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa teburin masu aiki da firinta 3D, wato na'urar da ke narkar da zaren roba tana jera shi sahu bisa sahu har ya zama abin da aka zana a kwamfuta.

Scott Crump ne ya ƙirƙiro wannan fasaha a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Bayan wa'adin haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009, kuma aikin RepRap na Adrian Bowyer a Jami'ar Bath ta Ingila ya saki zanen na'urarsa kyauta, sai farashi ya faɗi. Shi ya sa yau ɗalibi zai iya mallakar irin Ender 3 ta kamfanin Creality, wadda ta fito a 2018. To amma kukan sababbin masu ita ɗaya ne: roba ta ƙi kama faranti, wato shimfiɗar da ake jera robar a kai, ko a dawo a tarar ta cukurkuɗe kamar taliya.

Galibi laifin yana sahun farko. Ramin nozul, bakin da roba ke fitowa, yakan kasance milimita 0.4, kaurin sahu kuma 0.2. Kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin yini guda.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin a taɓa komai, a kunna wuta. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, don haka awon da aka yi da sanyi zai canza. Ga robar PLA, a kai faranti digiri 60, nozul kuma wajen 200. A goge robar da ta daskare a bakinsa, domin ita kaɗai takan ruɗa awo. A kiyaye yatsu, wurin yana ƙuna.

Sai a ɗauko farar takarda ta ofis, wadda kaurinta ya kai kimanin milimita 0.1. A kai nozul saitin ɗaya daga notuna huɗun da ke ƙasan faranti, a zura takardar tsakani, a riƙa murɗa notin har a ji tana ɗan gogawa amma ba ta maƙale ba. A zagaya duka kusurwoyi huɗu, a sake zagayawa, domin murɗa ɗaya yakan motsa sauran. Daga ƙarshe a duba tsakiya.

Yanzu a buga gwaji, a zuba ido. Idan layukan sun fito a mulmule da giɓi tsakaninsu, nozul ya yi nisa. Idan sun yi siriri har ana hango faranti, ko aka ji injin tura roba yana ƙas-ƙas, ya matse da yawa. Abin nema shi ne layuka shimfiɗaɗɗu da suka haɗe da juna sumul.

Idan kusurwoyi sun daidaita amma tsakiya ta ƙi, farantin ne ya lanƙwashe. Nan sensa irin BLTouch take da amfani: tana taɓa wurare da dama, na'ura ta riƙa hawa da sauka daidai da tudu da kwarin da ta gano. Sai dai har yanzu mai na'ura ne zai faɗa mata tazarar da ke tsakanin sensa da nozul.

Saura awon robar kanta. A auna milimita 120 a jikin zare daga mashigarsa, a yi alama, a umarci na'ura ta ja 100. In ba 20 ne ya rage ba, a gyara lambar takun injin, wadda a Ender 3 take zuwa a kan 93.

In duk an yi wannan roba ba ta kama ba, a duba ƙura da maiƙon yatsu. A cire faranti a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, a bar shi ya bushe. Bayan an mayar da shi, a girgiza shi a gani, in yana rawa a ɗaure tayoyin da ke ƙasansa.

Masu sauraro, kada ku bar gaban na'ura sai sahun farko ya kammala a kan idonku. A nan za mu dakata. Mu kasance lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)