Alexis Helmer, Sojan Igwa da Kabarinsa Ya Ɓace

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Kanada ba ta tilasta wa kowa shiga soja ba. Matasa ne suka yi ta kai kansu. Cikinsu akwai Alexis Helmer, haifaffen garin Hull a lardin Quebec a 1892, wanda ya yi karatun injiniya a Jami'ar McGill. Aka ba shi muƙamin laftanar a rundunar 'yan igwa, aka haye da su teku zuwa Turai.

A watan Afrilun 1915 rundunarsa na kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam. Ranar 22 ga watan, Jamusawa suka saki iskar gas mai guba, abin da dakarun ba su taɓa gani ba. Sojoji suka riƙa faɗuwa suna shaƙewa. Kanadawa na cikin waɗanda suka toshe giɓin da aka samu, 'yan igwa kuwa suka yi kwana da kwanaki suna ɓarin wuta, ba barci ba hutu.

Da safiyar 2 ga Mayu, Helmer ya fito daga ramin fakewa don ya duba igwoginsa. Harsashin igwar Jamusawa ya faɗo daidai inda yake. Nan take rai ya yi halinsa, yana da shekara 22. Abin da abokansa suka iya tsintowa na jikinsa suka naɗe a bargon soja.

Limamin Kirista na rundunar ba ya nan, saboda haka abokinsa, Manjo John McCrae, likitan rundunar, shi ya jagoranci binnewar, ya karanto addu'o'in da ya haddace. Aka kafa gicciyen katako a kan kabarin. Washegari McCrae, da ke cikin jimami, ya rubuta waƙar "In Flanders Fields", bayan ya ga jajayen furannin fofi sun tsiro tsakanin kaburbura. Mujallar Punch ta Landan ta buga ta a Disamban 1915, ta bazu ko'ina. Daga ita ne jan furen ya zama alamar tunawa da mazan jiya, har yau ake maƙala shi a ƙirji duk watan Nuwamba a Ingila da Kanada. Shi ma McCrae bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ciwon huhu ya ɗauke shi a Faransa a Janairun 1918.

Kabarin Helmer kuwa bai tsira ba. Yaƙi ya ci gaba a wannan fili shekara da shekaru, igwa ta yi ta birkice ƙasa har wurin ya ɓace. Iyayensa ba su samu inda za su tsaya su ce nan ɗansu yake kwance ba.

Saboda irinsa aka gina Ƙofar Menin a Ypres, aka buɗe ta a 1927. A bangonta an sassaƙa sunayen sojoji sama da 54,000 da ba a san makwancinsu ba, har da na Helmer. Tun 1928 mutanen garin ke tsayar da zirga-zirga a ƙarƙashinta da ƙarfe takwas na kowane dare, a busa begila. Mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ce ta katse al'adar, kuma ranar da aka 'yantar da garin a 1944 suka koma mata.

Miliyoyi sun san furen, da yawa sun san waƙar, amma kaɗan ne suka san saurayin da mutuwarsa ta haife su. Bai kamata alama ta danne mai ita ba. Duk wanda zai ba da tarihin jan furen nan, hakki ne a kansa ya fara da sunan Alexis Helmer.