Majigi, Lacca da Ranar Gona: Yadda Ilmin Jami'a Yake Isa Daudawa

A kowace shekara jami'o'in ƙasar nan sukan shirya tarurrukan da ƙofarsu a buɗe take ga kowa, kamar laccoci, da nunin finafinan ilmi, da baje kolin sakamakon bincike, da ranakun gona. Sanarwarsu takan fito a allunan makarantu da gidajen rediyo da wayoyin hannu, amma ɗaliban sakandare da yawa sukan wuce ta, bisa zaton cewa an yi ta ne domin manyan malamai kaɗai. Wannan zato yana jawo hasara, domin binciken da aka yi da dukiyar jama'a bai kammala ba sai ya koma hannun jama'a. Tarihin Daudawa, garin da ke ƙaramar hukumar Faskari a kudancin Jihar Katsina, yana nuna hanyoyin da ilmi yake bi ya fito daga ɗakin bincike, da abin da kowace hanya take iyawa, da inda take gazawa.

Daga Samaru zuwa Daudawa

A shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai tashar ta koma ƙarƙashinta, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Auduga tana cikin amfanin da aka fi mayar da hankali a kansa tun daga farko, saboda masaƙun Ingila suna neman ta ruwa a jallo. Tun a 1912 aka shigo da wani irin audugar Amurka mai suna Allen, wanda zarensa ya fi na audugar gida tsawo, kuma daga gare shi ne masanan Samaru suka yi ta zaɓo irarrakin da suka dace da ƙasar Arewa.

Amma abin da mai bincike yake samu a ƙarshen gwajinsa ɗan kaɗan ne, ba zai ishi ko ƙauye guda ba. Dole a shuka shi a keɓaɓɓiyar gona, a ruɓanya shi shekara bayan shekara ba tare da ya gauraya da wani iri ba. Domin wannan aiki aka buɗe gonar ruɓanya irin auduga a Daudawa a shekarun 1920. Daga can iri yake bazuwa zuwa gonakin manoma, audugar kuma ta nufi gidajen gurza na kamfanin da Hausawa suka riƙa kira Bisije, a cire angurya, a sake raba ta domin shukar baɗi.

Ba da daɗewa ba aka gane cewa iri shi kaɗai ba ya wadatarwa. Akwai bayanin da ya kamata ya raka shi: lokacin shuka, da tazarar da za a bari tsakanin tushe da tushe, da rage tsiro, da tuge karan auduga a ƙone bayan an gama cira don kada tsutsa ta sami wurin fakewa da rani. Tambayar ita ce, ta yaya za a isar da wannan bayani ga dubban mutanen da yawancinsu ba sa karatun boko?

Majigi

Amsar farko ita ce majigi. Kalmar ta samo asali daga sunan Ingilishi na wata tsohuwar fitila mai haska hotuna a bango. A watan Disamba na 1895 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna hoto mai motsi ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a birnin Faris, kuma a 1903 aka fara nuna fim a Legas. Wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ya yi amfani da fim a Legas wajen wayar da kai game da annoba da tsafta, daga baya kuma ya shugabanci sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939.

A Arewa, motar majigi takan iso gari ɗauke da janareto da na'urar haskawa da lasifika da farin zane. Bayan sallar isha'i sai a taru a ƙofar fada ko filin makaranta, kallo kyauta, wani ma'aikaci yana sharhi da Hausa. Daga cikin finafinan da dattawa ba su manta ba akwai Baban Larai, wanda aka shirya domin koyar da noman zamani, kuma masu tarihin fim ɗin Hausa suna danganta ɗaukarsa da Daudawa.

Akwai darasin kimiyya a cikin na'urar kanta. Babu hoton da yake motsi a jikin zaren fim. Jerin hotuna ne tsayayyu, kowane ya ɗan bambanta da na gabansa. Na'urar takan jawo hoto ɗaya gaban fitila, ta tsayar da shi, sannan ta jawo na gaba, har hotuna 24 a cikin sakan ɗaya. A lokacin da ake jan zaren, wani marfi mai juyawa yakan tare hasken don kada ido ya ga jirwaye. Da a ce sau 24 kawai hasken yake ɗaukewa a sakan, da ido ya ga allon yana ƙyafta-ƙyafta. Saboda haka akan yi wa marfin fukafukai biyu ko uku, kowane hoto ya haska sau biyu ko uku, wato walƙiya 48 ko 72 a sakan, wadda ido yake ɗauka a matsayin haske mai ɗorewa. Ganin motsin kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne. Masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya nuna a 1912 cewa idan abu ya bayyana a nan, ya ɓace, ya sake bayyana kusa da nan cikin ƙanƙanen lokaci, ƙwaƙwalwa takan cike giɓin ta ga kamar tafiya ya yi.

Motocin majigi sun fi amfani da zare mai faɗin milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923. Kowace ƙafa ɗaya ta wannan zare tana ɗauke da hotuna 40. Minti ɗaya yana cin hotuna 1,440, wato ƙafa 36, don haka naɗi mai ƙafa 400 yakan ƙare cikin kimanin minti 11. Wannan lissafi ne da malami zai iya ba 'yan aji su warware da kansu. Sautin kuma yana tafe a gefen zaren cikin siffar siririn layi mai duhu da haske. Fitila takan ratsa shi, wata ƙwayar na'ura ta mayar da hasken wutar lantarki, lasifika ta mayar da wutar murya. Dalilin jiran dare kuwa shi ne, hasken rana ya fi ƙarfin fitilar na'ura, ba ya barin baƙi ya bambanta da fari a kan zane.

Duk da farin jininsa, majigi yana da aibi biyu. Na farko, masu shirya finafinan zamanin Turawa da yawa sun raina fahimtar 'yan kallo, suka riƙa gina labari a kan mutum biyu, mai wayo da ya bi shawarar hukuma da wawa da ya ƙi. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, fim ba ya jin tambaya. Idan manomi yana da dalilin da ya hana shi bin shawarar, babu wanda zai gaya wa, domin da gari ya waye mota ta yi gaba.

Ranar Gona

Muhimmancin sauraron manomi ya fito fili ne ta hanyar binciken da David Norman da abokan aikinsa suka fara a Samaru a tsakiyar shekarun 1960, a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau. An daɗe ana zargin manoma da taurin kai saboda suna jinkirta shukar auduga, suna kuma haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Binciken ya nuna cewa a watannin Yuni da Yuli aikin noman gero da dawa yakan cinye ƙarfin gida baki ɗaya, kuma mai hankali ba ya barin abincin iyali don ya kama auduga. Haɗa amfani kuwa yana rage hatsarin tashi a tutar babu idan damina ta yi gardama. Ashe manomi lissafi yake yi, masu bincike ne ba su tambaye shi ba.

Ranar gona tana gyara wannan kuskure. Akan kafa gonar gwaji a gefen hanya, a raba ta gida biyu, ɗaya da sabon iri ko sabuwar dabara, ɗaya yadda aka saba. Gab da kaka sai a gayyato manoma su zagaya, su taɓa, su ƙirga, su yi gardama da malamin gona. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, wanda aka gudanar daga 1975 zuwa 1980 da tallafin Bankin Duniya, kuma ya shafi ƙasashen Faskari da Ƙanƙara, ya dogara a kan malaman gona da irin waɗannan gonaki. A wancan zamani ne masara, wadda a da ake shuka ta a bayan gida, ta zama babban amfanin gona a yankin, bayan samuwar takin zamani da irin TZB da aka samar a cibiyar IITA ta Ibadan.

Har yanzu ana bin wannan hanya. A 2019 aka amince da sabon irin wake na Samaru mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sanya masa ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa domin ya kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanso. Irin wannan fasaha tana tayar da tambayoyi game da lafiya da farashi da ajiyar iri, kuma wurin da ya dace a yi su shi ne gaban masu binciken.

Lacca

Lacca ita ce mafi tsufa cikin hanyoyin uku. Tun 1825 cibiyar Royal Institution ta Landan take shirya laccoci na musamman domin matasa, kuma Michael Faraday ya yi bayanin sinadarai da iska da zafi a can ta hanyar kyandir guda. A jami'o'in Nijeriya akwai al'adar cewa wanda ya kai matsayin farfesa yakan gabatar da lacca ta musamman ga jama'a, ya bayyana abin da ya yi shekaru yana bincike. Shiga kyauta ne, kuma sau da yawa akan raba laccar a rubuce. Ban da Zariya, ɗaliban Katsina suna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011.

Ɗalibin da zai halarci lacca ya nemi sanin takenta tun da wuri, ya duba abin da littafinsa ya ce a kai, ya tafi da biro da takarda. Ya lura da abu uku: tambayar da mai lacca ya yi niyyar amsawa, da hujjar da ya kawo, da abin da ya ce ya rage a bincika. Ba laifi ba ne a kasa fahimtar komai. Wanda ya fito da tambaya ɗaya mai kyau bai yi zuwan banza ba.

Lokutan da Za a Sa Ido

Yawancin waɗannan tarurruka suna bin zagayowar shekara. Kafin faɗuwar damina masana Samaru sukan yi taron bitar bincike da tsara ayyukan shekara. Ranakun gona sukan zo a watannin Satumba da Oktoba, lokacin da amfani ya nuna. Ranar 7 ga Oktoba ita ce Ranar Auduga ta Duniya, 16 ga Oktoba Ranar Abinci, 10 ga Nuwamba Ranar Kimiyya, 5 ga Disamba kuma Ranar Ƙasar Noma. Malamin da yake son kai ɗalibansa ya rubuta wa cibiyar takarda ta hannun shugaban makaranta tun da sauran lokaci. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta shi ne haɗa masu bincike da manoma, tana buga ƙasidun noma, ciki har da na Hausa, tana kuma shirya shirye-shiryen rediyo.

Halin da Ake Ciki

Ba za a ɓoye cewa taruwa ta yi wuya a wannan yanki ba. Hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kimanin mako guda, kuma a 2021 an katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar. Inda babu tsaro, ba a maganar kallon dare a fili, malamin gona ma yakan ji tsoron hanya. Duk tafiyar da makaranta za ta shirya sai da izinin iyaye da shawarar hukuma, kuma da rana.

Wannan hali ya ƙara wa ɗalibi nauyi. A gidaje da yawa shi ne mai karatu, shi ne kuma mai iya sarrafa waya. Zai iya karanta wa mahaifinsa ƙasida, ya nuna masa bidiyon feshi ko ajiyar hatsi, ya rubuta tambayoyin da dattawa suka yi, malaminsa ya aika da su inda za a amsa. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya ware kunyoyi goma a harabarta, biyar da sabon iri, biyar da na gida, a shuka rana ɗaya, a yi musu noma iri ɗaya, a auna abin da kowane ɓangare ya bayar, sannan a gayyato iyaye su gani da idonsu. Makarantar da ta yi haka ta gudanar da ranar gona, kuma sakamakonta abu ne da masu bincike a Samaru suke da buƙatar ji.