Daga kwaleji zuwa jami'a: inda ɗaliban jinya ke asara a Amurka

A Amurka, wanda ya yi kwas ɗin jinya na shekara biyu a kwalejin al'umma da wanda ya yi shekara huɗu a jami'a jarrabawa ɗaya suke rubutawa, wato NCLEX, lasisi iri ɗaya kuma ake ba su. Gajeren kwas ɗin ya soma ne a 1952 bisa shawarar Mildred Montag, lokacin da asibitoci ke fama da ƙarancin ma'aikata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kuɗin makarantarsa bai kai rabin na jami'ar gwamnati ba, shi ya sa ya zama mashigar 'ya'yan talakawa da iyaye masu riƙe da gida.

Sai dai lasisi kaɗai ya daina wadatarwa. A 2003 Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya, suka gano cewa duk inda masu digiri suka ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a tsakanin ma'aikatan jinya, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata yana raguwa da kusan kashi 5. A 2017 jihar Niyok ta kafa doka cewa sabon ma'aikacin jinya sai ya samu digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi. Ke nan a wannan jihar wucewa jami'a ta zama dole.

Wasu na ganin tunda haka ne a soke kwas ɗin shekara biyu kowa ya huta. Wannan magana ta masu zama a birni ce. A ƙauyuka da dama kwalejin ce kaɗai makarantar da ke kusa, kuma ita ke ciyar da asibitin yankin da ma'aikata. Binciken Aiken ma, in aka lura, ya nuna amfanin ƙarin ilimi ne, bai ce sai ta wace ƙofa aka shiga ba.

Ainihin ciwon yana wurin sauya makaranta. Ofishin binciken gwamnatin tarayya, GAO, ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na darussan da suka riga suka ci, sabuwar makarantar ba ta lissafa su ba. Alƙaluman na dukkan fannoni ne, amma a jinya abin ya fi zafi: macen da ke kwana a bakin aiki a asibiti za a ce ta sake biyan kuɗin darasin ilimin sassan jiki da ta gama tuni. Jami'o'i kan ce ingancin digirinsu suke karewa. To, ai ɗalibar ta ci jarrabawar da nasu ɗaliban suka ci. Jihar Fulorida ta daɗe da rage wannan rigima, inda ta ba darussan kwalejojinta da jami'o'inta na gwamnati lamba iri ɗaya, wanda aka ci a nan dole a karɓa a can. Jihar da ta wajabta digiri, wajibinta ne ta yi irin wannan doka.